Makokin Yahudawa a Hannun Masu Zane: A Zana Ɗakin Mamaci Kafin a Zana Wayar Ƙaya

A gidan Bayahude mai riƙo da al'ada, da an dawo daga maƙabarta ake lulluɓe kowane madubi da ƙyalle, ba a yaye shi sai kwana bakwai sun cika. Mai makoki ba ya aski, ba ya sa takalmin fata, ba ya duba fuskarsa. To a gidan da aka kau da kai daga siffa haka, daidai ne ɗa ko jika ya ɗauko burushi ya zana ɗakin da mamacin, har ya kai zanen wurin baje koli baƙi su tsaya a kansa? Ni ina ganin daidai ne, kuma akwai iyalan da ba su da abin da zai tsaya musu a madadinsa. Sai dai aikin yana da sharaɗi mai tsauri. Dole mai zane ya san mamacin da yake zanawa, ya san ɗakin, ya san ƙa'idar makokin dalla-dalla. Wanda bai san waɗannan ba yakan cike giɓin da alamomin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, waɗanda kowa ya haddace, layin dogo da wayar ƙaya da bututun hayaƙi da tauraro ruwan ɗorawa, kuma a nan ne mamacin yake sake ɓacewa.

Ba a iya auna irin wannan zane sai an san yadda makokin yake. Mutum bakwai ne wajibi a yi wa zaman makoki: uwa, uba, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da miji ko mata. Kafin binnewa mai makoki yana yaga rigarsa a ƙirji, tsawon kamar faɗin tafin hannu, yana tsaye. Idan uwa ce ko uba, a hagu ake yagawa, saitin zuciya. Sauran dangi a dama. Wata ƙungiya ta 'yan sa-kai ce ke wanke gawa, ta sa mata farin likkafani marar aljihu, iri ɗaya ga attajiri da talaka. Ba a buɗe akwati a nuna fuska. A Amurka da Turai akwatin katako ne marar ado, a Isra'ila kuwa galibi ba akwatin ma. In an dawo gida akwai buta a bakin ƙofa ta wanke hannu. Abincin farko maƙwabta ke kawowa, dafaffen ƙwai da burodi, wani lokaci da ƙaramin waken nan da Larabawa ke kira adas. Daga nan sai zaman bakwai, wanda suke kira shiba: masu makoki a ƙasa ko kan kujera 'yar tsugunno da ba ta wuce santimita 30 ba, kyandir guda a dogon gilashi yana ci dare da rana, masu ta'aziyya a kan kujeru na yau da kullum, kuma ba sa fara magana sai mai makoki ya fara. Ranar Asabar tana cikin lissafin bakwai ɗin, amma ba a nuna makoki a fili a cikinta, ana cire yagaggiyar riga. Bayan bakwai akwai kwana talatin, ga iyaye kuma wata goma sha biyu, da addu'ar Kadish da ake yi wata goma sha ɗaya cikin jama'ar da ba ta gaza mutum goma ba. Kowace shekara a ranar rasuwa, bisa kalandar Ibraniyawa, ana kunna kyandir mai cin awa 24 tun daga faɗuwar ranar jajibiri. Wanda ya ziyarci kabari dutse yake ɗorawa, ba fure ba. Mu da muka san zaman uku da sadakar bakwai da arba'in, ba za mu ji baƙunta a tsarin da ke sassauta baƙin ciki mataki-mataki ba.

Duk wannan tsari ya jingina ne ga abu biyu, gawa da rana. Ana fara ƙirgen bakwai daga binnewa, ana kunna kyandir a ranar rasuwa. Yahudawa kusan miliyan 6 da 'yan Nazi suka kashe tsakanin 1939 da 1945, mafi yawansu ba kabari, ba wanda ya san ranar. Har sai da majalisar manyan malaman Yahudawa ta Isra'ila ta ware 10 ga watan Tebet a matsayin ranar Kadish ta gama-gari ga wanda bai san ranar mutuwar nasa ba. Cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus ta shafe shekaru tun daga 1950 da 'yan kai tana tattara sunaye, ta kai kusan miliyan 5, saura kuwa har yau babu sunansu a ko'ina. Iyalin da bai yi shiba ba, ba shi da dutsen da zai ziyarta, wani lokaci ko hoto ɗaya bai tsira ba, me zai miƙa wa jikoki? Zane mai ba da labari ba ya maye gurbin addu'a, ba kuma ya da'awar haka. Abin da yake iya yi shi ne ya mayar wa mutum ɗaya ɗakinsa da sana'arsa da halinsa, abin da lamba mai sifili shida ba za ta taɓa yi ba.

Masu cewa addinin Yahudawa ya hana hoto suna kafa hujja da Littafin Fitowa 20:4 na Attaura. Akwai malamai masu tsanantawa, musamman kan sassaƙa siffar mutum cikakkiya, kuma wanda ya zaɓi bin su yana da tushe. Amma tarihi bai nuna hani na baki ɗaya ba. A 1932 an tono wurin ibadar Yahudawa a Dura-Europos a Siriya, ginin wajen shekara ta 244, bangonsa cike da zanen Musa da Haruna da Ezekiyel. A Jamus, Moritz Oppenheim ya zana a 1871 wasu sojoji Yahudawa a bakin daga sun taru don ɗan'uwansu ya samu cikon goma ya yi Kadish a ranar tunawa da mamacinsa. A 1878 Maurycy Gottlieb ya zana masu ibada a ranar Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, ya sa kansa a ciki a shekaru daban-daban na rayuwarsa, ya rubuta addu'ar tunawa da ransa a kan rigar naɗin Attaura, kuma ya rasu shekara guda bayan haka yana da 23. Zanen yana gidan tarihin zane na Tel Aviv. Masu zane na yau magada ne, ba masu fasa gida ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana da yawa sun ga cewa zana abin da ya faru a sansanonin kisa da fenti mai kyau cin mutuncin matattu ne, domin kyan zanen yana sanyaya wa mai kallo abin da bai kamata ya yi sanyi ba. Shi ya sa wasu suka koma ga launi da layi zalla, ba siffar komai. Barnett Newman ya yi haka da nasa rashin: babban zanen ja na 1968 da ya sa wa sunan mahaifiyarsa Anna, ba fuska ba ɗaki. Gerhard Richter, Bajamushe wanda ba Bayahude ba, ya kwafi hotuna huɗu da fursunoni suka ɗauka a ɓoye a sansanin kisa na Birkenau a 1944, sannan a 2014 ya shafe su da fenti har ba a ganin komai. Na yarda da wannan hujja a kan ɗakin gas da ramin gawarwaki. Wanda bai gani ba, ya yi hattara. Amma ba ta shafi teburin cin abinci ba, ba ta shafi shagon kaka ba. Jikan da ya tsaya gaban jan zanen Newman zai ji nauyi, amma ba zai san ko Anna doguwa ce ko gajera ba, mai faɗa ce ko mai haƙuri. Iyali kuwa wannan suke nema.

Wadda ta shata hanyar da masu zane na yau ke bi ita ce Charlotte Salomon, haifaffiyar Berlin a 1917. Tana da shekara takwas mahaifiyarta Franziska ta faɗo daga taga ta mutu, aka ce wa yarinyar mura ce. Sai a 1940, tana gudun hijira a kudancin Faransa, bayan kakarta ma ta kashe kanta, kakanta ya faɗa mata gaskiya: mahaifiyarta, da innarta da aka sa mata sunanta, da wasu dangi da dama, duk su suka ɗauki ransu. Ta zauna ta zana shafi fiye da dubu da guwash, wato fentin ruwa mai kauri, ta zaɓi 769 ta jera su labari guda mai suna Leben? oder Theater?, Rayuwa ce ko Wasan Kwaikwayo. Kowane shafi bai wuce santimita 32 da 25 ba sosai. Launi uku kawai ta yi amfani da su, ja da shuɗi da rawaya, sai fari. A kan shafukan farko ta ɗora siririyar takarda mai ɗauke da maganganun mutanen ciki. A duba shafukan uwa da 'ya: suna kwance a gado, uwar tana ba da labarin sama, tana alƙawarin in ta zama mala'ika za ta ajiye wa 'yarta wasiƙa a bakin taga. Bayan mutuwar, ga yarinyar tana tashi da dare, an zana ta sau da yawa a shafi guda, tana zuwa taga tana dubawa, babu wasiƙa. Babu wayar ƙaya a wannan shafi, ba a kuma buƙatarta. Ta damƙa aikin ga wani likita, Georges Moridis, aka kama ta, aka kashe ta a sansanin kisa na Auschwitz a watan Oktoban 1943 tana da shekara 26 da cikin wata biyar. Mahaifinta da matarsa sun tsira, suka ba gidan tarihin Yahudawa na Amsterdam aikin a 1971.

Mayer Kirshenblatt ya bi ta wata ƙofar. An haife shi a 1916 a Opatów ta ƙasar Poland, garin da Yahudawa ke kira Apt, ya yi hijira zuwa Kanada a 1934, ya yi rayuwarsa yana sayar da fenti da takardar bango a Toronto. 'Yarsa Barbara Kirshenblatt-Gimblett, masaniyar al'adu, ta fara yi masa tambayoyi tana naɗa tun 1967, kuma sai da ya kai shekara 73 ya yarda ya fara zane. Abin da ya fara zanawa ɗakin girkin mahaifiyarsa ne. Daga nan ya zana garin lungu-lungu: 'yan ga-ruwa, 'yan dako, mahauta, kasuwar dawaki, ɓarayi da karuwai, har da auren marayu da aka ɗaura a maƙabarta don neman sauƙin annobar kwalara. Hannunsa ba na makaranta ba ne, mutanensa a sandare suke, amma murhu yana inda murhu yake, kowane kayan aiki kuma yana hannun mai sana'arsa. An kwashe Yahudawan Opatów zuwa sansanin kisa na Treblinka a watan Oktoban 1942. Damuwarsa ita ce kada 'yan baya su san yadda mutanensa suka mutu fiye da yadda suka rayu. Abin da ya ba aikin ƙarfi, a ganina, shekarun tambaya ne da suka gabaci burushi. Kuma bai wanke garin ba. Da ya cire ɓarayin, da mun yi shakkar malaman.

Kada a ce na hana alamomin sansani ga kowa. Samuel Bak, haifaffen Vilna, wato Vilnius ta Lithuania a yau, a 1933, ya fara baje zanensa yana da shekara tara a cikin unguwar da aka killace Yahudawan birnin. An harbe kakanninsa huɗu a dajin Ponary. Mahaifinsa ya fitar da shi daga sansanin aikin tilas a cikin buhun garin katako, shi kuma aka harbe shi a watan Yulin 1944, kwanaki kaɗan kafin sojojin Rasha su iso. A zanensa na iyali na 1974 fuskoki sun cika ƙyalle, wasu na nama, wasu na dutse, wasu na katako, wasu a naɗe da bandeji, can baya kuma bututu na fitar da hayaƙi. Wannan hayaƙin nasa ne. Haka yaron nan Bayahude da ke ɗaga hannu gaban sojojin Nazi a sanannen hoton Warsaw na 1943, wanda Bak ya zana sau da dama yana tuna amininsa Samek da aka kashe. Matsalar tana ga wanda aka haifa shekara arba'in bayan yaƙi, ya ga ƙarfin Bak, ya ari bututun ba tare da ya tambayi gwaggonsa komai ba. Marianne Hirsch ta Jami'ar Columbia ta yi rubutu mai zurfi kan 'ya'yan da suka gaji tunanin abin da ba su gani ba, kuma haɗarin gadon nan ke nan: hotunan da duniya ta sani suna danne na gida. Iyalin da kakanninsu suka isa New York a 1905, ko suka fito daga Bagadaza ko Kasabalanka, labarinsu daban ne, kuma liƙa musu wayar ƙaya ƙarya ce ko da niyya mai kyau aka yi.

Ba kowane makokin Bayahude ne ya fito daga yaƙi ba, kuma wannan ana yawan mantawa. R. B. Kitaj, Ba'amurke da ya zauna Landan, ya rasa matarsa Sandra Fisher a 1994, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa tana da shekara 47, jim kaɗan bayan masu sharhi sun ragargaji baje kolinsa a gidan zane na Tate. Ya ɗora musu alhakin mutuwar, ya yi zane a 1997 inda ake harbe mai sharhi mai kama da dodo, ya bar Ingila ya koma Los Angeles. Zanen harbin nan fushi ne ya cinye shi, Sandra ba ta samu wuri a ciki ba. Waɗanda ya yi daga baya, shi da ita da fukafukai, fenti kaɗan, farin ƙyalle a bayyane, su ne suka riƙe ta. Talmud kansa, babban littafin malaman Yahudawa, ya ja kunne kan wuce iyaka a makoki: kwana uku na kuka, bakwai na jimami, talatin na barin ado. Ina ganin akwai darasin sana'a a nan ma. Abin da aka zana a makon farko galibi na mai zanen ne shi kaɗai. Ya ajiye shi, ya dawo bayan shekara.

Yanzu ga inda aiki ke lalacewa a aikace. Mafi yawan masu wannan zane daga tsohon hoto suke farawa, kuma hoto yana yaudara ta hanyoyi sanannu. Hoton gidan ɗaukar hoto na kafin yaƙi ƙarami ne, fuskar da ke ciki wani lokaci ba ta kai farcen babban yatsa ba. In aka faɗaɗa ta zuwa girman kai, duk abin da ke tsakanin ido da baki mai zane ne ya ƙirƙira, kuma hannu yakan ƙirƙiro fuskar mai zanen kansa. Fim ɗin da aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 ba ya ganin ja, yana mayar da shi baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Sai a zana kaka cikin baƙar riga kamar mai takaba, alhali jar rigar biki ce a jikinta. Akwai kuma hoton da aka wanke a juye, dama ta koma hagu. Ana gane wannan da rubutun allon shago ko maɓallin kwat, amma a nan ma da tarko: kwat ɗin mazan Turai hagu ke hawa kan dama, na Yahudawan Hasidi masu tsananin riƙo da addini kuwa dama ke hawa kan hagu, don haka wanda bai sani ba zai "gyara" hoton da ke daidai. Sannan mutanen hoto sun shirya ne, sun sa kayan Asabar, sun tsaya a gaban labulen mai hoto. Ba haka suke a gida ba.

Maganin wannan ba asiri ba ne. A zauna da dattijo mafi tsufa a dangi, a naɗi muryarsa, a sa shi ya zana taswirar gidan da hannunsa: ƙofa ina, taga ina, wa ke zama a wace kujera. A tambayi mutum biyu daban-daban abu ɗaya, inda suka saɓa a rubuta duka biyun. A tattaro abin da ya rage na mamaci, tabarau, almakashin ɗinki, mayafin addu'a, tukunya, a ajiye su a hasken taga a zana su ido da ido. Avigdor Arikha, wanda mahaifinsa ya mutu lokacin da aka kora su zuwa Transnistria, yankin da aka tsare Yahudawa a lokacin yaƙin, ya bar zanen launi zalla a 1965 ya koma zana abin da ke gabansa kawai, a zama ɗaya, ba hoto ba fitila, kuma kwat ɗin da ya zana a rataye ya fi fuskoki da yawa da aka kwafa daga hoto rai. Maira Kalman da ɗanta Alex sun sake gina ɗakin ajiyar kayan mahaifiyarta Sara Berman, wadda a ƙarshen rayuwarta farare kawai take sawa, kowanne a goge a ninke, aka nuna shi a gidan tarihin Metropolitan na New York a 2017, ita kuma ta zana labarin da guwash. Inda fuska ta ɓace da gaske, a bar ta a ɓace. Gideon Rubin yana zana mutanen tsofaffin hotuna ba ido ba hanci. Wannan gaskiya ce idan ba a san fuskar ba, amma ragwanci ne idan akwai gwaggon da za ta iya cewa hancinsa ya karkata hagu.

Kurakuran ƙa'ida kuwa duk wanda ya taɓa zaman shiba zai gan su daga bakin ƙofa: yagar riga a dama ga wanda ya rasa uwa, takalmin fata a ƙafar mai makoki, furanni a kan tebur, kowa a kan kujera tsayi ɗaya, kyandir biyu na daren Asabar a inda ya kamata a ga guda a gilashi. Rubutun Ibrananci ya fi komai tona asiri. Daga dama ake rubuta shi, kuma harufan dalet da resh, ko he da het, ko bet da kaf, ɗan ƙaramin lanƙwasa ne ya raba su. Kuskure ɗaya ya canza sunan mamaci. Shekarar da ke kan dutsen kabari da harufa ake rubuta ta, ba a sa dubbai. A haɗa ƙimar harufan a ƙara 1240, misali 704 ya ba da 1944, sai dai idan rasuwar ta faɗo tsakanin sabuwar shekararsu ta kaka da ƙarshen Disamba, a rage ɗaya. Hannu biyu a buɗe a kan dutse alamar zuriyar Haruna ce, buta alamar Lawiyawa, wato zuriyar Lawi, ba ado ba ne da za a ɗora wa kowa. Sunan Ubangiji mai harufa huɗu kuma ba a rubuta shi a kan abin da zai iya ƙarewa a shara, don haka mai zanen littafin addu'a a buɗe ya nemi shafin da babu shi, ko ya bar rubutun dishi-dishi.

Shi kansa fentin yana da nasa halin. Ɗakin makoki duhu ne da kyandir, kuma sabon hannu yakan malala baƙin fentin mai a ƙasa. Baƙin da ake yi da ƙonannen ƙashi yana shan mai da yawa, yana jinkirin bushewa. In aka ɗora masa fenti mai saurin bushewa, saman zai tsattsage, kamar yaɓen da aka yi wa bango tun ginin na ɗanye. Ƙa'idar ita ce shimfiɗar ƙasa ta zama siririya mai ƙarancin mai, kowace ta sama ta fi ta mai kaɗan. Duhu mai rai ana haɗa shi ne da ƙasa-ƙasa da shuɗi mai zurfi. Ga farin likkafani ko ƙyallen madubi a guji farin zinki a shimfiɗar ƙasa, domin yana gautsi da shekaru har ya ɓamɓare. Man sheƙi na ƙarshe ba a shafa shi sai bayan wata shida zuwa shekara. Akirilik yana bushewa cikin mintuna amma yana ƙara duhu, don haka a haɗa launin fata ya ɗan fi yadda ake so haske. Guwash kuwa ɗigon ruwa ɗaya yana tayar da shi ko bayan shekara hamsin.

Akwai tambayar da fasaha ba ta amsawa: labarin na wa ne? Mahaifin Salomon da matarsa sun riƙe wasu shafuka na wata doguwar wasiƙarta shekaru da dama, inda ta rubuta cewa ta sa wa kakanta maganin barci mai kisa a cikin wainar ƙwai a 1943, kuma masana har yau ba su daidaita kan ko haka ta faru ko ɓangaren wasan ne ba. Ba na zargin tsofaffin da suka rasa 'ya don sun ɓoye, ban kuma ga laifin fitowar shafukan bayan mutuwarsu ba. Matsayina shi ne mai zane yana da haƙƙin faɗin gaskiyar mamaci, har da mummunarta, amma ba shi da haƙƙin baje fuskar rayayye yana kuka ba da izininsa ba. A nuna wa duk wanda ke cikin zanen kafin a rataye shi. In ƙanwa ta ce a'a, a juya mata baya a cikin zanen ko a jira.

Na san akwai mai karatu da zai ce, da abin da ke faruwa a Gaza, wannan ne lokacin maganar baƙin cikin Yahudawa? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma yarinyar da ke duba taga a Berlin a 1926 ba gwamnati ba ce, kuma ma'aunin da na kawo ba na ƙabila ɗaya ba ne. Ismail Shammout, Bafalasɗine da aka kora daga Lidda a 1948, ya zana a 1953 wani uba da 'ya'yansa uku a kan hanya, garinsu a bayansu, kuma abin da ya sa zanen ya rayu shi ne abin da ya sa na Salomon ya rayu: tafiyar da ya yi da ƙafarsa ce. Wanda ya koyi ganin mutum ɗaya a cikin miliyan 6 zai fi iya ganinsa a ƙarƙashin ɓaraguzan Khan Yunis a Gaza.

Gidajen tarihi suna da nasu kason laifin. Sau da yawa takardar da ke gefen zane tana ɗauke da sunan mai zane, shekara da irin fenti, ba sunan wanda aka zana. A irin wannan aiki ya kamata a rubuta sunan mamaci cikakke yadda ake kiransa a addu'a, wane ɗan wane, da garinsa, da wanda ya ba da labarin, a kuma bambanta abin da mai zane ya gani da abin da aka faɗa masa da abin da ya ƙaddara. Aikin takarda irin na Salomon ba ya jure haske fiye da lux 50 a ma'aunin haske, kuma bayan kamar wata uku dole a mayar da shi duhu, shi ya sa sa dukkan shafukanta a intanet da gidan tarihin Amsterdam ya yi ya zama abin koyi. Yawancin waɗannan zane-zane kuwa ba za su taɓa shiga gidan tarihi ba, a falon iyali za su zauna. A rataye su nesa da taga da murhu da bangon banɗaki, a ɗakin da laima ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari in da hali. Na takarda a sa musu gilashi mai tare hasken rana, da kwali marar asid tsakanin fenti da gilashi don kada su manne. Sunayen mutanen ciki, daga dama zuwa hagu, a rubuta su da fensir a kan katakon firam ko a takarda cikin ambulan a baya. Kada a rubuta da alƙalamin maka a bayan ƙyallen, domin tawadar tana ratsowa gaba bayan 'yan shekaru.